Yammacin Amurka a Kan Kanta Guda: Yadda Ake Tsara Ƙaramin Layin Dogo na Zamanin Kaboyi

Duk wanda ya taɓa zama da ɓargon karan dawa da reza yana ƙera mota, ko ya lanƙwasa waya ya yi mata tayoyi da murfin kwalba, ya san daɗin wannan sana'a tun kafin a gaya masa sunanta. A Amurka da Turai da Japan akwai dattawa masu furfura da jikoki da har yau ba su bar wasan ba. Su jirgin ƙasa suke haɗawa, ɗan ƙarami mai tafiya da lantarki a kan dogon ƙarfe, yana ratsa gari da duwatsu da gadoji waɗanda aka rage wa girma da lissafi. A Amurka sun kafa ƙungiya tun 1935, ana kiranta NMRA, ita ke tsayar da ma'aunai domin taragon wannan kamfani ya iya hawa dogon wancan. A cikinsu akwai waɗanda ransu ya kwanta da abu guda: siririn dogo, da yammacin Amurka na zamanin da muka sani a fina-finan kaboyi.

Matsalar da ke fara tare mai wannan buri ita ce wuri. Yammacin Amurka fili ne da ido ba ya ganin iyakarsa, shi kuwa abin da yake da shi kusurwar ɗaki ce, ko bango ɗaya da maiɗakinsa ta yarda ta bar masa. Lissafin ma ban tsoro gare shi. A ma'aunin da aka fi amfani da shi, wato HO, mil ɗaya na gaske yana cin mita 18 da rabi. Layin da ya tashi daga Durango zuwa Silverton a jihar Colorado mil 45 ne, ke nan sai an sami ɗaki mai tsawon mita 830 da 'yan kai kafin a kwaikwaye shi gaba ɗaya. Saboda haka tsarawa a nan galibi aikin zubarwa ne: me za a bari, me za a riƙe.

Kafin a kai ga wannan, akwai kalmomi biyu da sababbin shiga ke cakuɗawa. Ta farko ma'auni, wato sau nawa aka rage girman abu. HO kashi ɗaya ne cikin 87, O kashi ɗaya cikin 48, N kuma ɗaya cikin 160. Mutum mai tsayin mita 1.75 zai zama milimita 20 a HO, milimita 36 a O, milimita 11 a N. Ta biyu faɗin dogo, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan nan biyu da jirgi ke takawa. Faɗin da mafi yawan duniya ta ɗauka shi ne ƙafa 4 da inci 8 da rabi, milimita 1,435, irin na layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Duk abin da bai kai haka ba siriri ne. Tsohon layin Legas zuwa Kano, mai ƙafa 3 da inci 6, a cikin sirara yake. A duwatsun Colorado kuwa ƙafa 3 cif aka zaɓa, milimita 914.

Me ya sa suka zaɓi siriri? Kuɗi da dutse. Janar William Jackson Palmer, wanda ya kafa kamfanin Denver & Rio Grande a 1870, ya ziyarci layin Ffestiniog a yankin Wales, inda dogo mai faɗin da bai cika ƙafa 2 ba ke sauko da duwatsun rufin gida daga tsauni. Ya dawo ya shimfiɗa nasa mai ƙafa 3, ya isa Colorado Springs daga Denver a 1871. Siririn dogo yana shan kwana mai tsanani, don haka zai bi gefen kogi da cinyar dutse yadda suka lanƙwasa, ba sai an fasa tsauni an yi rami mai tsada ba. Ƙarfen ya fi sauƙi, gadojin sun fi ƙanƙanta, taragan gajeru ne. Zazzaɓin wannan dabara ya kama Amurka har tsawon siraran layuka ya haura mil 11,000 a tsakiyar shekarun 1880, daga nan ya fara ja da baya, domin duk inda siriri ya haɗu da mai faɗi sai an sauke kaya da hannu an sake lodi.

Mu ma mun ga irin wannan lissafi a ƙasarmu. Lokacin da Turawa suka matsu su kwashe kuza daga tsaunukan Jos, sun shimfiɗa ƙaramin layi mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 daga Zariya zuwa Bukuru tsakanin 1912 da 1914. Sunan Bauchi aka laƙaba masa, saboda a lokacin tsaunin yana cikin lardin Bauchi, amma bai taɓa shiga garin Bauchi ba. An rufe shi a 1957. Ma'adinai a saman dutse, aljihu ba nauyi, gaggawa: dalilan Colorado ke nan sak.

To, a nan ne sa'ar mai ƙaramin ɗaki take. Abin da zai tilasta masa, wato kwana mai tsanani, gajeren jirgi da tasha a matse, shi ne ainihin abin da ya tilasta wa masu layin na gaske. In ka ɗauki jirgin zamani mai taragai ɗari ka nannaɗe shi a kan tebur, kowa zai ga wasan yara. In kuwa ka ɗauki ƙaramin kan jirgi mai tururi yana jan taragai huɗu a gefen kwazazzabo, haka abin yake a hotunan 1885. Taragon kaya na siririn dogo a wancan zamani ƙafa 24 ne tsawonsa, santimita 15 a ma'aunin O, ƙasa da santimita 9 a HO. Daidai ruwa daidai tsaki.

Sai dai akwai tarko, kuma kusan kowa yana faɗa masa. Yammacin da ke cikin kanmu na silima ne: makiyaya a kan dawaki, garken shanu, hamada mai dogayen bishiyoyin ƙaya masu hannuwa sama, jajayen duwatsu tsaye kamar husumiya, 'yan fashi suna bin jirgi da sukuwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya wanzu, amma ba a wuri ɗaya ba, kuma mafi yawansu ba su taɓa haɗuwa da siririn dogo ba. Shanun da ake korowa daga Texas zuwa Abilene tun 1867, daga baya zuwa Dodge City, a kan dogo mai cikakken faɗi ake lodinsu a filayen Kansas. Layin da ya haɗa gabas da yamma a Promontory ranar 10 ga Mayu 1869 shi ma mai faɗi ne. Bishiyar ƙayar nan mai suna saguaro a hamadar Sonora kawai take fitowa, wato kudancin Arizona da arewa maso yammacin Mekziko da ɗan gefen Kalifoniya. Garin Tombstone, inda aka yi shahararriyar musayar wutar nan a 1881, jirgi bai shige shi ba sai 1903.

Siririn dogo na masu haƙo ne. Azurfa da zinariya da jan ƙarfe suka kira shi, sai katakon tokare ramuka da kwal da abincin ma'aikata. Don haka tambayar farko ga mai tsarawa ita ce: wane yamma, kuma wace shekara? Mai son tsaunuka masu dusar ƙanƙara da dazuzzuka ya nufi Colorado. Mai son busasshiyar hamada da iska yana da layin Carson & Colorado, wanda ya tashi daga Mound House a Nevada ya gangara kusan mil 300 zuwa Keeler a Kalifoniya tsakanin 1880 da 1883. Mai son jajayen duwatsu ya duba Clifton a Arizona, inda ɗan layi mai faɗin inci 20 kacal ke ɗauko dutsen jan ƙarfe. Akwai ma na garin Bodie, wanda aka gina a 1881 don kawo itace da katako daga wajen tafkin Mono, bai taɓa haɗuwa da wani layi ba har ya mutu. Ga mai ƙaramin wuri wannan kyauta ce, domin ba sai ya nuna inda jirgin ya haɗu da sauran duniya ba.

Ba haramun ba ne a ƙirƙiro gari da kamfanin da ba su taɓa wanzuwa ba. Da yawa daga cikin gwanayen wannan harka haka suka yi. Amma ƙirƙirarren gari ma yana bukatar jiha da shekara, in ba haka ba zai zama kasuwar gwanjo, kowane kaya daga gidan da ya fito daban.

Ni da za a tambaye ni, Red Mountain zan ɗauka, a shekarar 1890. Yanki ne a tsaunukan San Juan, arewa da Silverton, inda aka gano azurfa mai yawa a 1882 a mahaƙar Yankee Girl da maƙwabtanta. Wani ɗan kasuwa mai suna Otto Mears, haifaffen daular Rasha wanda ya fara da gina hanyoyin keken doki yana karɓar kuɗin wucewa, shi ya ja dogo zuwa can daga Silverton a 1887 da 1888. Hawan ya kai kashi 5 cikin ɗari. A garin Red Mountain fili ya yi ƙaranci har sai da aka gina tashar a tsakiyar kusurwoyi ukun nan na dogo da ake juya kan jirgi da su. A kwazazzabon Corkscrew kuwa ko wurin shan kwana babu, sai aka dasa faifan juya kan jirgi a kan babban layin kansa, aka yi masa rumfa saboda ƙanƙara. Mears mutum ne mai son a san da shi, har katin shiga jirgi kyauta na zallar azurfa ya sa aka ƙera yana raba wa manya. Abin da ya ja ni ga wurin shi ne, duk wata dabarar matse abubuwa da mai kwaikwayo zai ji kunyar yi, injiniyoyin gaske sun riga shi yinta a can. Kuma 1890 ta faɗo daidai: azurfa tana da daraja, garin yana cike. Shekara uku bayan haka, a 1893, gwamnatin Amurka ta soke dokar da ta wajabta mata sayen azurfa, farashi ya faɗi, mahaƙu suka yi ta rufewa.

Bayan wuri da shekara, sai ma'auni. Sunayen suna kama da lambar mota, amma karanta su ba wuya: harafin farko ma'auni, ƙaramin "n" siriri, lambar ƙarshe faɗin dogon da ake kwaikwayo. HOn3 na nufin ma'aunin HO, dogo mai ƙafa 3, wanda ya zama milimita 10.5. Shi ne ya fi dacewa da Colorado a ƙaramin wuri, kuma kamfanin Blackstone da ke Durango ya fitar da kawunan jirgi da taragai masu kyau a cikinsa. Aibinsa tsada, da kuma cewa yawancin kayan na shekarun 1920 zuwa 1940 ne, ba na zamanin kaboyi ba. Sn3, kashi ɗaya cikin 64, na masu hannu da shuni ne. Nn3 yana tafiya a kan dogo mai milimita 6.5, gari guda zai shiga akwati, amma sai mai kaifin ido da haƙurin mai gyaran agogo. HOn30, wanda lambarsa ke nufin inci 30 ba ƙafa ba, yana aron dogon N mai milimita 9. Manya irin na kamfanin LGB na Jamus, masu dogo milimita 45, na tsakar gida ne da lambu.

Sai On30, wanda ni shi nake ba sabon shiga shawara. Ma'aunin O ne, ɗaya cikin 48, amma yana hawa dogo mai milimita 16.5, faɗin dogon HO da ake samu ko'ina da araha. Tun da kamfanin Bachmann ya fara fitar da shi a 1998 ya bazu. Mutane da dawaki da kekunan doki a wannan girma suna kamuwa a hannu, ana iya yi musu fenti ba tare da tabarau mai ƙara girma ba, kuma jigon kaboyi ai jigon mutane ne. Kan jirgin yana da nauyi, ba ya yawan tsayawa saboda ɗan datti. Masu tsananin bin ƙa'ida za su ce inci 30 yake wakilta alhali Colorado inci 36 ce, kuma gaskiyarsu. Wanda abin ya dama ya koma On3 ya biya kuɗin. Wani abin sha'awa, inci 30 ɗin nan shi ne faɗin layin Zariya zuwa Bukuru. Babban harajin On30 shi ne gine-gine: shago mai faɗin ƙafa 20 da zurfin ƙafa 40 zai ci santimita 13 a 25. Biyar irinsa sun cinye titi. Taura biyu ba ta taunuwa: ko manyan mutane da ɗan ƙaramin gari, ko ƙananan mutane da tsauni mai faɗi.

Yanzu ga siffar wurin. Al'adar Amurkawa ita ce a ɗauko falankin filawud guda, ƙafa 4 a ƙafa 8, santimita 122 a 244, a zagaya shi da dogo. Yana da daɗi ga mai son ya zauna ya ga jirgi yana kewayawa, amma yaudara ce ta fuskar wuri. Hannun mutum ba ya wuce kamar santimita 75 in zai gyara abu ba tare da ya karya bishiya da gwiwar hannu ba, don haka dole a bar hanya a kewayen teburin, sai ka ga falanki guda ya cinye ɗaki sukutum. Sannan kwanar da yawancin kawunan jirgi na HOn3 da On30 ke bukata ita ce mai inci 18 daga tsakiya zuwa dogo, santimita 46. Cikakkiyar da'ira za ta ci santimita 92, da ɗan fili a gefe ta haura mita ɗaya. Abin da ya rage a tsakiya kaɗan ne, kuma ido yana ganin jirgin yana bin wutsiyarsa. Maganin da aka saba yi shi ne a tsaga teburin biyu da bango ko tsauni a tsakiya: wannan gefe gari, wancan gefe mahaƙa, mai kallo ba ya ganin duka a lokaci guda.

Hawa ma yana da nasa lissafin, kuma a nan kwaɗayi ke kai mutane ƙasa. Kowa yana son irin abin da aka yi a Georgetown ta jihar Colorado a 1884, inda garuruwa biyu ke da tazarar mil 2 amma ɗaya ya fi ɗaya tudu da sama da ƙafa 600, sai aka murɗa layin ya zagayo ya haye kansa a kan gadar ƙarfe mai tsayin ƙafa 95. A On30, kafin jirgi ya wuce ƙarƙashin wani dogo ana bukatar tazarar kamar santimita 12 in an haɗa da kaurin gadar. Hawan kashi 4 cikin ɗari, irin na layin Chama zuwa mashigar Cumbres, yana nufin santimita 4 a kowace mita. Ke nan mita 3 na dogo kafin a sami tsayin, kuma kewayen da'irar nan mai santimita 46 bai wuce santimita 289 ba. Zagaye ɗaya bai isa ba ke nan, ba a ma lissafa 'yar tazarar da ake bari a farko da ƙarshen hawa don kada taragai su kwance ba. Ga shi kuma kwana tana ƙara wa hawa nauyi, kan jirgin da ke jan taragai takwas a shimfiɗe zai iya kasa jan uku. Akwai hanya mai sauƙi: a bar dogon a shimfiɗe, a sa ƙasar ta faɗa ƙarƙashinsa. Kwazazzabo mai zurfin taƙi biyu da gadar katako a kai zai sa ido ya rantse jirgin yana saman tsauni.

Shi ya sa na fi son kanta a jikin bango, mai zurfin santimita 45 zuwa 60, tsawon mita 2 da rabi, a ɗaga ta zuwa ƙirjin mai ita. Daga wannan tsayi ana kallon jirgi daga gefe kamar mai tsaye a tasha, ba daga sama kamar shaho ba, kuma gine-ginen gaba suna ɓoye ƙarancin abin da ke baya. A ƙarshen kantar a bar wani ɓoyayyen sashe bayan dutse ko rumfar ƙanƙara, mai dogo ɗaya ko biyu. Wannan sashe shi ne Silverton, shi ne Denver, shi ne duk duniya. Daga can jirgi ke fitowa, can yake komawa.

Wani zai ce, in jirgi ba ya zagayawa me za a yi da shi? Aikin da jirgin gaske yake yi. Ya iso da taragon kwal na injin mahaƙa, da na katakon tokare rami, da rufaffen tarago na fulawa da kananzir da albarushi, da taragon fasinja guda a baya. Dole a kai kowanne ƙofar mai shi, a kwaso waɗanda aka cika da dutsen azurfa, kan jirgin ya zagayo ta ɗaya gefen, ya sha ruwa a tanki, ya juya. Da marabar dogo, wato inda dogo ke rabuwa biyu, huɗu ko biyar wannan zai ci rabin sa'a. Wani Bature ɗan Ingila, Alan Wright, ya shahara da tsarin da ake kira Inglenook, mai maraba biyu kacal da rassa uku: ɗaya yana ɗaukar taragai biyar, biyu suna ɗaukar uku-uku. Taragai takwas ne a fili, a zaɓi biyar ta hanyar ƙuri'a a jera su bisa tsarin da ƙuri'ar ta faɗa. Jeri 6,720 ne ke iya fitowa. Da taragai masu santimita 15, duka tsarin zai shiga ƙasa da mita 2 da rabi. A sa wa reshe ɗaya sunan mahaƙa, ɗaya ɗakin ajiyar kaya, ɗaya wurin lodin katako, wasan lissafi ya zama gari mai rai.

Shekarar da aka zaɓa ita ke yanke hukunci a kan kayan da za a saya. Kawunan jirgi ana kiransu da jerin ƙafafunsu: na gaba, masu ja, na baya. 4-4-0 shi ne na silima, mai dogon hanci da bututun hayaƙi kamar mazurari, wanda aka yi wa faɗi don ya tare tartsatsin itace. Akwai guda mai suna Eureka da kamfanin Baldwin ya ƙera a 1875 don wani siririn layi a Nevada, yana nan da ransa. A tsaunuka kuwa 2-6-0 da 2-8-0 suka fi aiki, kuma a Colorado kwal aka fi ƙonawa. Nau'in Shay, mai tafiya da haƙoran giya a hankali amma da ƙarfin hawa, ya sami rajistar ƙirƙira a 1881, kuma shi ne ya yi aiki a layin Gilpin mai ƙafa 2 a wajen Central City. Manyan kawunan nan da masu yawon buɗe ido ke gani yau a Durango da Chama, irin K-36, na 1925 ne. Suna da kyau, amma saka su a 1890 kamar saka babur ne a hawan daba na zamanin Sarki Alu. Fitilar gaba ta kananzir ce, babba kamar akwati. Taragai kuma da zobe da ƙusa ake haɗa su, ma'aikaci yana tsaye a tsakani, abin da ya cinye yatsun mutane da yawa kafin dokar 1893 ta tilasta maƙalai masu kama kansu. A nan kusan kowa yana yin sassauci ya sa maƙalan zamani irin na Kadee, domin zura ƙusa mai girman tsinken allura sau hamsin a dare ba nishaɗi ba ne.

Akwai kuskure guda da har gwanaye ke yi. Suna tsofar da komai: katako ya yi toka-toka, rufi ya lotsa, fenti ya kwaile. Wannan kamannin kufai ne, yadda garuruwan suke yau bayan shekara ɗari da barinsu. A 1890 garin bai kai shekara goma ba. Katakonsa sabo ne rawaya, allunan shaguna da sabon rubutu, kawunan jirgi ana goge tagullarsu tana walƙiya. Dattin lokacin na laka ne da toka da kashin dawaki da kututturan bishiyoyin da aka sare. Shagunan suna da doguwar fuskar katako a gaba wadda ta fi ginin tsayi, don ɗaki ɗaya ya yi kama da bene, kuma wannan ma taimako ne: a jikin bangon baya fuskar kawai za a manna, mai kaurin yatsa biyu. Injin daka dutse ana gina shi a gangaren tsauni hawa-hawa, dutse ya shiga ta sama ya fito ta ƙasa, don haka tsayi yake ci, ba faɗi ba.

Mutanen da za a tsayar a titi ma suna bukatar tunani. Mahaƙan San Juan sun fito daga Cornwall da Ireland da Italiya da Sweden da Austriya, akwai masu alfadarai 'yan asalin Mekziko, akwai baƙaƙen fata, akwai 'yan China masu wanki da gidajen abinci duk da dokar 1882 da ta hana 'yan'uwansu shigowa. Ƙasar kanta ta ƙabilar Ute ce. Yarjejeniyar Brunot ta 1873 ta karɓe tsaunukan daga hannunsu, a 1881 aka kori da yawansu zuwa Utah, kuma Otto Mears ɗin nan yana cikin waɗanda suka shiga tsakani a cinikin. Wanda ya jera mahaya masu gashin tsuntsu a ka suna kai wa jirgi hari a 1890 ya kwaikwayi silima ne. Rashinsu a wurin shi ne tarihin.

Ga mai son gwadawa a Kano ko Maraɗi, kan jirgi da dogo da maraba dole a yi odarsu daga waje, amma sauran duk suna kusa. Farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji yana zama tsauni in an sassaƙa shi an shafe da filasta. Tsinken tsire da sandunan ashana suna zama gadar katako. Jar ƙasarmu in an tankaɗe ta tana kama da ƙasar Red Mountain, wadda tsatsar ƙarfe ce ta ba ta launi da suna, sai dai a bi ta da maganaɗisu tukuna, domin ɓurɓushin ƙarfe yana shiga injin ya kashe shi. A shafa wa katakon maganin gara. A duba na'urar wuta da kyau, ta Amurka bolt 120 take sha, tamu 230. Babban abokin gaba shi ne ƙurar hunturu, don wuta ta cikin dogo take bi zuwa ƙafafun jirgi, ƙura kaɗan ta yanke ta. Kanta tana da sauƙin yi wa murfi da labule ko gilashi, tebur a tsakar ɗaki ba shi da. Wasu ma sun daina sa wuta a dogo gaba ɗaya, suna ɓoye batir da na'urar rimot a taragon kwal da ke bayan kan jirgi, kuma a On30 akwai wurin da zai ɗauke su.

Kafin a sayi ko ƙusa, a shimfiɗa takardun buhun siminti a ƙasa daidai girman kantar, a zana dogon da girmansa na ainihi, kwana da zare da fensir. A yanka kwali mai santimita 15 a 5 guda takwas a matsayin taragai, da ɗaya mai santimita 25 a matsayin kan jirgi, a ajiye kwalayen sabulu da na shayi inda gine-gine za su zauna. Sai a durƙusa a tura su da hannu, a yi aikin yini guda na tashar daga isowa zuwa tashi. A nan ne za a gano cewa reshen mahaƙa ya gaza da rabin tarago, ko mashayar ta tare hannun da zai kai ga maraba ta uku, tun gyaran bai wuce a goge layin fensir a matsar da kwalin shayi ba.